Ayashe, Lauyar Munanan Dodanni

An haifi Sadiat Raji a Fagge cikin daminar 1969, a wani gida mai ƙofa biyu da ke bayan layin teloli. Mahaifinta, Malam Raji, ɗan kasuwar goro ne wanda iyayensa suka zo daga ƙasar Yarabawa yana goye, ya tashi da Hausa a bakinsa kamar kowane ɗan unguwar. Mahaifiyarta, Bisola, ta riga ta binne jarirai huɗu kafin ita, babu wanda ya kai yaye.

A wancan zamani, idan mace tana wabi, wato 'ya'yanta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana, tsofaffi suna da dabarar da suka gada: a nuna wa mutuwa cewa wannan ɗan ba abin so ba ne, ba ta da abin ɗauka a nan. Maƙwabciyarsu Hajja, ungozoma 'yar asalin Borno, ita ta ɗauki nauyin aikin. Da sassafen ranar suna ta naɗe jaririyar a tsumma, ta kai ta gefen juji ta ajiye, ta juya baya. Wata mata da aka shirya da ita ta sunkuya ta ɗauka, ta shigo gidan tana tambaya ko akwai mai son wannan abu da ta tsinta. Liman ya raɗa wa yarinyar Sadiat, unguwa kuwa ta kira ta Ayashe. Kakarta ta wajen uba ba ta yi gardama ba, ta ce su ma can gida sun san irin waɗannan 'ya'ya masu zuwa su koma. Malamai sun daɗe suna hana wannan al'ada, yanzu ta kusa ɓacewa. An kawo ta a nan ne domin abin da ya biyo baya ba ya fahimtuwa sai da ita.

Ayashe ta rayu. Bisola kuwa ba ta saki dabarar ba har ƙarshen ranta. Idan tana yi mata kitso sai ta ce, "Dubi goshi, kamar faranti." Idan ta tsamo tsokar da ta fi kowace girma a tukunya, a kwanon Ayashe take jefa ta, tana cewa, "Ungo, ko kare ba zai ci wannan ba." Ranar da aka ɗaura auren Ayashe da Akeem, direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga Kasuwar Singa, matan da suka halarta sun tuna Bisola ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon amarya, hawaye na zuba, tana faɗin, "Oho dai, wanda ya ɗauki wannan ya ɗaukar wa kansa." A gidan, 'ya'yan maƙwabta su ake yabo baki buɗe. Yarinyar ta koyi wannan harshe kamar yadda ta koyi Hausa da Yarabanci, ba tare da wani ya zaunar da ita ya koya mata ba.

Akeem ya rasu a 2011, ya bar ta da 'ya ɗaya, Azeezat, wadda daga baya ta zama ma'aikaciyar jinya. Tsofaffin abokan aikinsa suka sama wa Ayashe wata rumfa a gefen Singa, inda ta kama ɗinkin buhu. 'Yan dako suna kawo mata buhunan sukari da na shinkafa da ƙugiya ta yaga, ita kuma ta zauna da basilla da zare ta rufe ɓarakar. Waɗanda suka wuce gyara sai ta farke su, ta haɗa su su zama shimfiɗar shanya hatsi ko rufin kaya lokacin ruwa. Masu hulɗa da ita sun ce ba su taɓa ganin ta jefar da buhu ba. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da motoci suka gama sauke kaya, rumfar takan yi shiru, garin fulawa yana yawo a cikin hasken da ke shigowa ta hujojin kwano. A wannan shirun ne wasan ya same ta.

A 2022 Azeezat ta ba ta tsohuwar wayarta domin kira kawai. A cikin wayar akwai wani wasa mai suna Garken Dodanni, wanda matasa huɗu suka ƙirƙira a wani ɗan ofis da ke saman bene a Titin Ibrahim Taiwo. Shugabarsu ita ce Adaugo, haifaffiyar Sabon Gari, mai zanen dodannin kuma Abdulnasir Mala. Tsarin wasan mai sauƙi ne. Mutum yana yawo a wani birni da babu mutane, yana cin karo da dodanni iri sittin, yana kama su a cikin gora, ya tara garke, ya yi kiwonsu, sannan ya kara su da garken wasu.

Karawar ba ta dami Ayashe ba. Birnin ne ya kama ta. A cikinsa kullum la'asar ce sakaliya, rana ba ta faɗuwa kuma ba ta hawa. Itatuwan kuka sun tsiro a kan soraye. Layin dogo yana tafiya har ya nutse cikin ruwa, ya ɓullo a wancan gefen. A tsakiyar birnin akwai wani kududdufi mai faɗi da bado a kansa, kuma ranar da ta fara isa bakinsa sai ta ajiye basilla. Ta ce ta san shi. Shi ne kududdufin da ke bayan gidansu tana yarinya, wanda aka cike tun tuni aka gina shaguna a kai. Abdulnasir ya tabbatar daga baya cewa bai taɓa ganin wurin ba, daga labarin kakansa ya zana shi. Ko kududdufi ɗaya suke nufi, babu hanyar tabbatarwa. Ita dai ta ci gaba da zuwa bakinsa kowace rana, da yatsa ɗaya mai kanta, yayin da 'yan dako ke barci a kan buhuna.

Dodannin da jama'a suka fi so su ne irin Zakin Wuta da Barewar Wata, masu ƙyalli da dogon wuya. Akwai kuma uku da kusan kowa ya tsana. Kwatami dogo ne, baƙi-baƙi, mai faɗin baki. Tsatsa tsohon bokiti ne mai ƙafa uku. Na ukun, Ragowa, tarihinsa yana cikin sunansa. Abdulnasir ya ce ya gama zana hamsin da tara, lokaci ya ƙure, sai ya tattara guntayen da suka rage a kwamfutarsa ya haɗa: jiki kamar buhun da aka cika rabi, ƙafafun agwagwa, kunnen jaki ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, idanu biyu da ba su daidaita ba. Ragowa ba ya duka. Iyakar ƙarfinsa shi ne ya daɗe a tsaye ana dukansa. Kama shi ba wuya, domin ba ya gudu. Yawancin 'yan wasa suna kama shi ne don cika lissafin sittin, sannan su sake shi.

Dodon da aka saki yana komawa wani fili a gefen birnin da ake kira Bayan Gari, inda duk mai so zai iya ɗauka. Ayashe ta gano filin a mako na biyu. Ta tarar da wani Ragowa a tsugune shi kaɗai, ta ɗauka. Washegari ta tarar da wani. Kafin shekara ta zagayo tana da ashirin da uku, ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da aka san ta da shi daban ne. 'Yan wasan suna da zauren hira a waya, mai mutum ɗari uku da wani abu, akasarinsu ɗalibai da masu gyaran waya da masu tsaron shago daga Bata zuwa Sabon Gari. Ayashe ba ta iya rubutu da sauri ba, saboda haka saƙon murya take turawa, da ƙarar kasuwa a bayanta. Duk ranar da aka taso wani mummunan dodo a gaba, sai muryarta ta shigo. Babban abokin gardamarta shi ne Ugochukwu, mai sayar da kayan gyaran babur.

"Inna, don Allah ki bari," in ji shi a ɗaya daga cikin saƙonnin da har yanzu suke zauren. "Tsatsa fa bokiti ne. Bokiti! Na biya data don in yi kiwon bokiti?"

"Ugo ɗana," ta amsa, "kai da kake kwana cikin tsofaffin ƙarafa, yau kai ne mai raina ƙarfe? Je ka tambayi Zakin Wutarka, in gobara ta tashi, shi za a nema ko bokiti?"

Aka yi ta turo dariya. Daga nan aka laƙaba mata Lauyar Munana, ta karɓi sunan ba tare da ta nuna ta ji daɗinsa ba. Na saurari saƙonninta sittin da ɗaya da suka rage a zauren. Ta kare Kwatami, ta kare Tsatsa, ta kare wasu huɗu da ba a cika damuwa da su ba. Sau biyu kacal ta ambaci Ragowa, kuma duka biyun cewa ta yi ba shi da fasali. Babu wanda ya lura da wannan a lokacin.

A watan Yulin 2023 Adaugo ta sanar cewa wasan ya yi wa ƙananan wayoyi nauyi, ga kuma sababbin dodanni da suke son sakawa. Za a gabatar da ukun da aka fi ƙi, a kaɗa ƙuri'a a kan kowane ɗaya. Wanda ya faɗi za a goge shi daga birnin gaba ɗaya, har da waɗanda ke cikin garken mutane, domin birnin ɗaya ne ga kowa. Aka sa taron ranar Asabar bayan azahar, a zauren wata makaranta a Sabon Gari.

Mutum ɗari da arba'in suka halarta. Ayashe ta zo kai tsaye daga rumfa, da garin fulawa a gefen mayafinta, aka tashi aka ba ta kujera a gaba. Yawancinsu ranar suka fara ganin fuskar mai muryar.

Aka haska Kwatami a bango. Ugochukwu ya miƙe ya ce shi ko a mafarki ya ga wannan sai ya yi wanka. Ayashe ta karɓi makirfo.

"Ugo, ranar da kwatamin layinku ya toshe, ina ruwan ya kwana?"

"A shagona," in ji shi, zaure ya fashe da dariya.

"To. Duk abin da gari ya ƙi gani, wannan ne yake haɗiyewa ya fitar. Kuna son kududdufi mai haske don Barewar Wata ta sha ruwa, amma ba kwa son wanda yake kwashe ƙazantar. Wane irin gari ne wannan, kowa sarki, babu mai shara?"

Aka ɗaga hannu. Kwatami ya tsira da rata mai yawa.

Aka haska Tsatsa. Ta ce bokitin da bai taɓa ganin rijiya ba shi ne yake ƙyalli, tsatsa kuwa shaidar aiki ce, kamar furfura. Ta ce duk wanda a gidansu babu tsohon bokitin da uwarsa ta hana a yar, ya ɗaga hannu a cire Tsatsa. Hannu tara suka tashi, biyu suka koma ƙasa da kunya.

Sannan aka haska Ragowa, kunne ɗaya a kwance, yana kallon gefe. Aka yi dariya, dariyar ta lafa, kowa ya juya wajen Ayashe yana jiran abin da za ta fito da shi. Mutum uku da suka halarta sun ba ni labarin wannan lokaci daban-daban, kuma sun yi ittifaƙi a kan cewa ta daɗe a tsaye ba ta ce komai ba, har Adaugo ta ɗauka makirfon ne ya mutu. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Wannan? Wannan ai ba abin kallo ba ne. Ba ya duka, ba ya gudu. Ido ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ko a hanya aka gan shi babu mai sunkuyawa. Me za ku yi da shi? Ku rabu da shi kawai. Ku rabu da shi."

A Hausa, idan uwa ta ce a rabu da yaro, tana nufin a ƙyale shi, kada a taɓa shi. Idan ɗan kasuwa ya ce a rabu da kaya, yana nufin a fitar da su. Ayashe ta farko take nufi. Zauren kuwa ta biyun ya ji.

"Shi ke nan!" Ugochukwu ya ɗaga murya. "Lauya da kanta ta ce a rabu da shi. Wa ya fi lauya sani?"

Ayashe ta ce ta ga hannuwa sun tashi kamar gonar gero, kuma da farko ta ɗauka masu cewa a ƙyale shi ne. Sai da Adaugo ta karanta sakamako, ɗari da ashirin da shida sun ce a goge, ranar Alhamis mai zuwa, sannan ta gane. Ta koma kujerarta. Matasa suka yi ta zuwa suna ɗaukar hoto da ita, ta tsaya musu duka.

Ranar Lahadi, Adaugo tana shirya aikin gogewa, ta buɗe rajistar wasan don ganin garke nawa abin zai shafa. Ragowa sittin da ɗaya ne suka rage a hannun mutane a duk faɗin birnin. Ashirin da uku suna garke ɗaya. Rajistar ta nuna kuma cewa mai garken tana fito da su kowace rana tsakanin azahar da la'asar, ta kai su bakin kududdufi, ba ta taɓa kara ko ɗaya da wani ba.

Ranar Litinin Adaugo ta zo rumfar Ayashe. Ta tarar da Azeezat, wadda ta kawo wa mahaifiyarta abinci bayan ta tashi daga aikin safe. Bayan gaisuwa Adaugo ta zauna a kan buhuna ta ce, "Inna, na ga garkenki."

Ayashe ba ta ɗago daga ɗinki ba. "Tarkace ne."

"Ashirin da uku fa."

"Tarkace ashirin da uku."

Azeezat ta tambayi me ake ciki, Adaugo ta ba ta labarin taron, har da kalmomin da aka faɗa. Azeezat ta ajiye kwano ta dafe kai.

"Ta ce ba abin kallo ba ne? Ta ce babu mai sunkuyawa?"

"Haka ta ce."

"Wayyo, Iya." Ta juya wajen Adaugo. "Ranar da na karɓi takardar gama makarantar jinya, kin san me ta ce? Ta ce Allah ya jiƙan marasa lafiya."

Ta bayyana mata al'adar a taƙaice, da jujin, da asalin sunan. Adaugo ta ce kakarta a ƙauye ta taɓa ba ta labarin irin waɗannan 'ya'ya, amma ba ta taɓa zaton za ta gamu da abin a cikin wasan da ta rubuta da hannunta ba. Ta ce sun yi wa jama'a alkawarin bin ƙuri'a, ba za ta karya shi a ɓoye ba. Amma maganar Inna ce ta juya zauren, kuma maganar Inna za ta iya dawo da shi.

"Saƙo ɗaya, Inna. Ki ce ba a fahimce ki ba, kina son sa. Wallahi Ugo ne zai fara ɗaga hannu. Sai a sake ƙuri'a kafin Alhamis."

"Bari ni in tura," in ji Azeezat. "In yi musu bayani."

"Ki je ki yi shela a kasuwa, ga abin da uwarki take so, ku zo ku gani?" Ayashe ta ja zare ta datse da haƙori. "Ba da yawuna ba."

"Iya, zane ne fa. Zane a cikin waya. Wace mutuwa ce za ta zo ta ɗauki zane?"

"Na san zane ne," in ji Ayashe. "Ni ba mahaukaciya ba ce. Harshena ne bai sani ba."

Ta yi alkawarin za ta gwada da kanta, ta kuma roƙe su kada wanda ya riga ta. Suka amince.

Ta gwada sau uku. Biyu ta goge su nan take. Na ukun yana nan a wayar, ba a tura ba, kuma ta yarda na saurara. Tsawonsa daƙiƙa arba'in da ɗaya ne. Talatin na farko babu komai sai ƙarar kasuwa: wata mota tana ja da baya, wani yana kiran a kauce, da numfashinta kusa da wayar. Sannan ta ce, "Assalamu alaikum, 'ya'yana. Maganar Ragowa ce." Shiru. "Ragowa dai..." Shiru kuma. "Mummuna ne." Daga nan saƙon ya yanke.

Ta gaya mini cewa a cikin kwanakin nan wani tunani ya riƙa zuwa mata, wanda ta san ba shi da tushe amma ta kasa kore shi: cewa in ta yi shiru, wataƙila yaran za su manta, Alhamis ta zo ta wuce, aikin ya sha musu kai, a bar shi a gefe kamar yadda aka saba barinsa. Dabarar ta yi aiki sau ɗaya, in ji ta, ga ta nan zaune.

Ranar Laraba ta fito da su duka ashirin da ukun a lokaci ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba, domin yana sa wayar zafi. Suka bi ta a layi ta ƙarƙashin kukokin, suna rangaji, suka tsallake layin dogo, suka zauna a bakin ruwa. Wani ɗan dako da ya farka ya ce ya ga tana kallon wayar har aka kira la'asar, buhu a cinyarta da basilla a soke, ba ta yi ɗinki ko ɗaya ba.

Da hantsin Alhamis wasan ya sabunta kansa. Da ta buɗe garke, sai ta ga Tsatsa ɗaya da Kwatami biyu, sauran wurin fili.

Ta ɗinke buhunan da ke gabanta. Bayan azahar ta kira Azeezat ta ce ta zo ta raka ta Titin Ibrahim Taiwo. Suka hau benen a hankali, saboda gwiwarta. Matasan huɗu suka miƙe da ganinta, Abdulnasir ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

"Kai ne mai zanen?"

"Ni ne, Inna."

"An goge shi duka? Babu inda ya rage?"

"Babu, Inna. Sai dai hotonsa, in kina so in buga miki."

"Hoto ba ya juyo da kai." Ta nemi kujera ta zauna, ta gyara mayafi. "To, tunda babu abin da zai same shi yanzu, zauna ka ji abin da ka zana."

Adaugo ta ce sun ɗauka faɗa za ta yi. Ayashe ta yi magana kusan awa guda, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a duk dodannin sittin babu mai kyawun tafiyarsa, domin yana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa a kai, yana tsoron zubarwa. Ta ce kunnen nan na kwance, in aka tsaya, yakan makara kafin ya tsaya, ya yi lilo sau biyu, kamar yana sauraron wani da ya kira daga baya. Abdulnasir ya ce wannan kuskure ne da bai samu lokacin gyarawa ba. Ta ce to Allah ya yi wa rashin lokacinsa albarka. Ta ce idanun da ake dariya, ɗaya yana kallonka, ɗaya yana kallon hanyar da ka fito, ko akwai wanda aka bari. Ta ce idan hasken la'asar ya sauka a bayansa, launinsa yakan koma kamar na sabon buhun algarara, kuma in ya tsuguna a bakin kududdufi, inuwarsa a ruwa tana daidaita, ido biyu a layi ɗaya, kamar ruwan ya san yadda aka so ya kasance. Ta ce sauran dodanni in ka buɗe gora tsalle suke yi su nuna kansu, shi kuwa leƙowa yake yi tukuna, ya ga ko da gaske shi ake kira.

"Kyakkyawa ne," in ji ta. "Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba. Ka iya zane, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Adaugo ta ce Abdulnasir ya juya ya fuskanci taga, ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa a ƙasa.

Har yau Ayashe tana rumfarta, tana kuma zauren, inda ake ci gaba da kiranta Lauya. Ba a mayar da Ragowa ba. Abin da ya faru a kan matakala bayan sun fito daga ofishin, daga bakin Azeezat na ji shi. Ta ce duk tsawon awar tana tsaye a bakin ƙofa, tana jin kalmomin da ba ta san mahaifiyarta tana da su ba. Da suka kai tsakiyar benen sai ta tsaya.

"Iya, ni fa?"

Ayashe ta dube ta daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Ke? Da wannan wuyan naki kamar na zalɓe? Matso in dafa ki, kada in faɗi."